Sarki da Rukuni a Maraɗi: Sharhi kan Maƙalar M. G. Smith da Kwatanta ta da Majalisar Ingila

Taƙaitawa

Wannan takarda sharhi ce a kan maƙalar da M. G. Smith ya rubuta game da Maraɗi a zamanin Sarki Ɗan Baskore, da kuma yadda ake karanta ta a nan Yamai, inda ake yawan kwatanta Rukunin Maraɗi da Majalisar Ingila ta ƙarni na 17. A ganinmu kwatancin yana da amfani in an bi shi har ƙarshe, domin sai a ƙarshen ne yake nuna inda tsarin biyu suka rabu, da kuma wuri guda da suka haɗu.

1. Gabatarwa

Kalmar majalisa ta ɗauki kaya mai yawa a Hausar yau. Da ita ake kiran zaman fadawa a gaban sarki, da ita ake kiran taron masu zaɓen sarki, da ita kuma ake kiran Majalisar Dokoki ta ƙasa, har da Majalisar Ɗinkin Duniya. Faransanci ya ware wa kowane ɗaya daga cikin waɗannan tasa kalma. Saboda haka mai rubutu da Hausa yana iya zamewa daga wannan ma'ana zuwa waccan ba tare da ya lura ba, mai karatu kuma ya bi shi.

A cikin kundayen ɗalibai da muke dubawa, da kuma muhawarori kan tsarin mulki, ana yawan cin karo da wata magana mai daɗin ji: wai tun kafin zuwan Nasara ƙasar Hausa tana da majalisarta mai taka wa sarki birki, kamar yadda Majalisar Ingila ta taka wa Sarki Charles na I. Shaidar da aka fi kawowa ita ce maƙalar Smith mai suna "A Hausa Kingdom: Maradi under Dan Baskore, 1854-75", wadda ta fito a 1967 cikin littafin da Daryll Forde da P. M. Kaberry suka shirya a kan daulolin Afirka ta Yamma a ƙarni na 19. Mun fahimci dalilin da ya sa wannan magana take da farin jini. Amsa ce ga marubutan zamanin mulkin mallaka da suka ɗauki sarautar Hausa a matsayin mulkin mutum ɗaya wanda ba a ce masa a'a. To amma gyaran kuskure da wani kuskure ba ya kai mu ko'ina. Manufarmu a nan ita ce mu duba abin da Smith ya faɗa, da abin da hanyar bincikensa ta hana shi gani, sa'an nan mu auna kwatancin da ake yi da Ingila.

2. Abin da Smith ya kawo

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. Ɗan Kasawa ya fake a ƙasar Damagaram, daga baya kuma, wajen 1819, mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin Fulani tawaye, suka buɗe masa hanya ya kafa sabuwar hedikwata. Har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Daular da aka kafa ta yaƙi ce: magajin Ɗan Kasawa, wato Rauda, a fagen daga ya rasu a Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, kuma hare-hare a kan ƙasashen da ke ƙarƙashin Sakkwato su ne babbar sana'ar masu sarauta har ƙarshen ƙarnin.

A cikin wannan daula Smith ya nuna cewa akwai manyan sarautu huɗu da ake kira Rukuni: Galadima, Ƙaura, Ƴandaka da Durɓi. Ba ɗaya daga cikinsu da ya fito daga gidan da ke gadon sarauta. Galadima baba ne, wato bawan da aka dandaƙe, yana riƙe da al'amuran cikin gida. Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa, kuma a bisa al'ada cikin bayin sarki ake lissafa shi. Durɓi yana danganta kansa da tsohon gidan da ya mulki Katsina kafin gidan Korau. Ƴandaka ɗa ne mai gadon sarautarsa. Waɗannan huɗu su ke zaɓen sabon sarki daga cikin ƴaƴan sarki, su ke zama da shi a kan manyan al'amura kamar yaƙi da naɗe-naɗe, kuma idan bakinsu ya zo ɗaya suna iya tuɓe shi. Shi kuma sarki shi ke naɗa su, saboda haka dabararsa ita ce ya hana bakin nasu zuwa ɗaya.

Wajibi ne mu yaba wa Smith a nan. Ya fito da abin da rahotannin komandodin Faransa ba su damu da shi ba, wato cewa iko a Maraɗi rarrabe yake tsakanin mutane masu asali daban-daban, kuma an shirya rabon ne ta yadda kowa zai bukaci ɗan'uwansa. Baba ba ya da ɗan da zai bar wa gado, bawa ba ya hawa gadon sarauta, ɗan sarki kuma ba ya shiga Rukuni. Wanda ya karanta wannan ba zai ƙara cewa sarkin Hausa yana yin abin da ya ga dama ba. Binciken Guy Nicolas a kan Gobir ta Tsibiri, inda ake da Tara, ya ƙarfafa wannan fahimta, haka ma ambaton Tara ta Kano da Tarihin Kano ya danganta da zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499).

3. Matsalar zamani da ta majiya

Sukarmu ta farko ta shafi zamanin da Smith ya zaɓa. Ɗan Baskore ya yi shekara ashirin da ƴan kai a kan gado, abin da ba kasafai aka samu a Maraɗi ba. Sarakunan da suka zo dab da gabansa ba su daɗe ba, waɗanda suka biyo bayansa kuwa tuɓewa da maidowa aka yi ta yi da su. Ke nan Smith ya ɗauki hoton tsarin a lokacin da yake zaune lafiya, a hannun sarki mai nasara a yaƙi, mai ganimar da zai raba wa kowa. Tsarin mulki kuwa, kamar katanga, sai ruwa ya yi yawa ake sanin ƙarfinsa. Shirin littafin da maƙalar ta fito a ciki shi ya bukaci a bayyana kowace daula a wani lokaci guda, amma mai karatu ya kamata ya san abin da wannan shiri ya ɓoye.

Suka ta biyu ta shafi majiya. Smith ya tattara bayanansa a ƙarshen shekarun 1950, fiye da shekara 80 bayan rasuwar Ɗan Baskore, kuma akasari daga bakin mutanen fada. Mai riƙe da sarautar da Nasara ya rage wa ƙarfi, idan aka tambaye shi yadda kakansa ya yi aiki, ƙa'ida zai faɗa, kuma zai faɗe ta ta fuskar da ke ɗaukaka gidansa. Wannan ba ƙarya ba ce, hali ne na kowace ruwayar baka ta fada. Rubutattun shaidu na lokacin kaɗan ne. Heinrich Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa a farkon 1851 bai shiga Maraɗi ba, abokin tafiyarsa Overweg da ya shiga ya rasu a 1852 bai bar cikakken bayani ba, bayanan tarihi da Landeroin ya tattara a tawagar Tilho (1906-1909) kuwa sun fi karkata ga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Saboda haka abin da ke hannunmu shi ne yadda ya kamata Rukuni su yi, a bakin jikokinsu. Sau nawa suka hana sarki abin da yake so, a kan wane batu, da wane sakamako, wannan maƙalar ba ta lissafa ba.

Suka ta uku ita ce wadda Yusufu Bala Usman ya buɗe wa ƙofa a littafinsa kan Katsina (1981), inda ya ƙi yarda a fassara tarihin ƙasar da rabon Haɓe da Fulani kawai, ya mai da hankali ga yadda tsarin sarauta yake canzawa tare da tattalin arziki da ƙaurar jama'a. Smith yana ɗaukar Maraɗi kamar akwatin da aka adana tsohon tsarin Katsina a ciki. Amma daular da ta rasa birninta da kasuwanninta, ta koma rayuwa a kan hari, dole nauyin sarautunta ya sake. Ƙauran Maraɗi na 1870 ba lalle ne ya zama daidai da Ƙauran Katsina na 1770 ba, ko da suna ɗaya ne.

4. Ma'aunin Ingila

Yanzu bari mu duba abin da ake kwatantawa da shi. Masu kwatancin suna ɗaukar tarihin Ingila kamar yadda marubutan ƙarni na 19 irin su Macaulay suka tsara shi, wato doguwar tafiya ta ƴanci daga yarjejeniyar 1215 zuwa juyin 1688, majalisa tana cin gaba, sarki yana ja da baya. Herbert Butterfield ya soki wannan salo tun 1931, ya ce karanta jiya ne da idon yau. Daga shekarun 1970 kuma Conrad Russell da wasu suka nuna cewa majalisar farkon ƙarni na 17 rauni gare ta. Sarki ke kiranta, shi ke sallamarta. James na I ya yi mulki daga 1614 zuwa 1621 ba tare da ita ba, Charles na I kuma daga 1629 zuwa 1640. Da abubuwa sun tafi wata hanya, da ta bi sawun takwararta ta Faransa, wadda ba a ƙara kira ba daga 1614 sai 1789.

Abin da ya cece ta kuɗi ne. Tsohuwar ƙa'ida ita ce sarki ba ya aza sabon haraji kai tsaye a kan dukiyar jama'a sai da yardar majalisa, kuma Takardar Koken Haƙƙi ta 1628 ta sake jaddada haka. Charles ya nemi hanyar zagaye. Ya ɗauko kuɗin jiragen ruwa, wanda garuruwan bakin teku suka saba biya a lokacin yaƙi, ya shimfiɗa shi a kan ƙasar duka daga 1635. John Hampden ya ƙi biyan sule 20, aka kai magana gaban alƙalai 12, bakwai suka ba sarki gaskiya a 1638, biyar suka saɓa. Dabarar ta yi aiki muddin ana zaman lafiya. Da sarki ya tilasta wa mutanen Sikotilan sabon littafin addu'a a 1637 suka ɗauki makami, sai aljihu ya kasa, dole ya kira majalisa a 1640 har sau biyu. Daga nan sai yunƙurinsa na kama wakilai biyar a cikin zauren a Janairun 1642, da yaƙin basasa, da sare kansa ranar 30 ga Janairun 1649.

Idan muka jera wannan da Rukuni, za mu ga abubuwa sun juya wa juna baya. Majalisar Ingila ba ta zaɓen sarki a bisa al'ada, gado ne ke kawo shi. Rukuni kuwa zaɓen sarki shi ne babban aikinsu. Majalisa takan yi shekaru ba ta zauna ba. Rukuni kullum suna nan, domin su ne gwamnatin kanta. Majalisa ba ta da sojanta sai da yaƙi ya ɓarke. Ƙaura da dawakinsa yake kwana. A ɗaya gefen kuma, zauren wakilai na Ingila, mai mutum wajen 500, zaɓaɓɓu ne daga larduna da garuruwa. Gaskiya ne masu zaɓen tsiraru ne, maza masu mallakar ƙasa, amma su ne masu biyan harajin da ake gardama a kansa. Rukuni ba masu biyan haraji ba ne, masu karɓa ne. Kowannensu yana da garuruwan da ke ƙarƙashinsa da rabonsa na ganima, saboda haka a batun abin da za a karɓa daga hannun talaka, shi da sarki kwano ɗaya suke ci. Bugu da ƙari, majalisa tana yin doka a rubuce, tana ajiye kundin zamanta, wanda lauyoyi irin su Edward Coke suka mayar makami. Shawarar Rukuni da baki ake yin ta, kuma shari'a tana hannun alƙalai da al'ada.

Ke nan rigimar Ingila a kan jaka ta taso, da addini, ta Maraɗi kuwa a kan wanda zai hau gado da wanda zai ja yaƙi. Wanda ya kira Rukuni majalisar dokoki ya ba su abin da ba su da shi, wato wakilci, ya kuma rage musu abin da suke da shi, wato ikon naɗi da tuɓewa, wanda Majalisar Ingila ba ta kai gare shi ba sai ta hanyar yaƙi a 1649 da saukar sojan waje a 1688.

5. Shaidar Kano, 1648-1652

Tun da maƙalar Smith ba ta ba mu misalan rikici ba, sai mu nema a maƙwabta. Tarihin Kano, bisa lissafin shekarun da H. R. Palmer ya yi a fassararsa ta 1908, ya kawo wani rikici da ya faɗo a shekarun da Ingila take cikin nata. Sarki Kutumbi ya rasu a 1648 sanadin yaƙi da Katsina. Ɗansa Alhaji bai cika shekara ba aka tuɓe shi, wajen shekarar da aka kashe Charles. Shekarau ya hau, a zamaninsa malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu da Katsina. Bayansa Kukuna ya yi shekara ɗaya, Madawaki Kuma ya fitar da shi, aka naɗa Soyaki, wanda mahaifiyarsa ƴar'uwar Madawakin ce. Wata uku kawai aka yi sauran manyan masu sarauta suka haɗa baki a asirce, suka aika wa Kukuna ya komo daga Zazzau, aka kayar da Madawaki.

Abin lura a nan shi ne, ba a ga masu sarauta sun tsaya a matsayin ƙungiya ɗaya suna fuskantar gadon sarauta ba. Ɓangare ne yake kayar da ɓangare, kowane da ɗan sarkin da yake goya wa baya, kuma dangantakar uwa tana da nauyi a ciki. Ba wanda ya nemi a rage ikon sarauta ita kanta, ko a rubuta sharaɗin da sarki na gaba zai bi. Ana canza mahayi, sirdi yana nan yadda yake. A Ingila rikicin ya bar dokoki a bayansa, kamar dokar 1641 da ta wajabta kiran majalisa aƙalla sau ɗaya a shekara uku, da Dokar Haƙƙoƙi ta 1689. Wannan tarin sharuɗɗa shi ne bambancin da kwatancin gaggawa yake tsallakewa.

6. Ƙaura Hasau, ko inda hanyoyin suka haɗu

Da Smith ya ƙara shekara 25 a kan zamanin da ya zaɓa, da hoton ya sake. Bayan rasuwar Ɗan Baskore a 1875 daidaiton da ya bayyana ya rushe, kuma bai rushe ta gefen sarki ba. Ɗaya daga cikin huɗun ne ya haɗiye sauran. Ƙaura Hasau, wanda Philippe David ya tattara labarinsa daga bakin mutanen ƙasar a shekarun 1960, ya kafa sansaninsa a wajen birni, ya tara mayaƙa masu biyayya gare shi, ya shiga naɗa sarakuna yana tuɓewa. Rikicin ya kai ga Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa, gidan sarauta ya rabu biyu, kuma a haka Faransawa suka tarar da ƙasar.

A nan ne kwatanci da Ingila yake da ma'ana. Majalisar da ta ci Charles da yaƙi ba ita ta ci gajiyar nasarar ba. A Disamban 1648 soja suka tsaya a ƙofar zauren suka hana wakilan da ba su so shiga, a Afrilun 1653 kuma Oliver Cromwell ya kori ragowar da bakin bindiga. An miƙa masa kambin sarauta a 1657 ya ƙi karɓa. Hasau ma bai hau gadon Katsina ba, domin asalinsa bai ba shi ba, sai ya yi mulki ta bayan wanda ya naɗa. Ba mu ce mutanen biyu ɗaya ne ba: Cromwell yana da aƙidar addini da ta siyasa da ya yi yaƙi dominta, kuma a zamaninsa an soke sarautar ɗungum har 1660. Abin da ya haɗa su shi ne matsayi. A wuraren biyu, da masu iko na halal suka kasa warware saɓaninsu ta hanyar da kowa ya yarda da ita, hukunci ya koma hannun mai riƙe da mayaƙa. Tsarin Maraɗi ya yi tanadin hana sarki wuce gona da iri, amma bai yi tanadin hana Ƙaura ba, in ban da asalinsa na bawa, wanda ya hana shi rawani kawai.

7. Waɗanda ba su cikin zaure

Idan Rukuni ba su tsare aljihun talaka ba, wa ya tsare shi? Maƙalar Smith, da yake idonta yana kan sarautu, ba ta yi nisa a wannan tambaya ba. Muna ganin amsar tana wurare uku.

Na farko ƙafa. A ƙasar da fili yake da yawa, mutane suka yi kaɗan, wanda haraji ya dame shi yakan tashi. Tarihin Kano ya faɗi cewa Sarki Kumbari (1731-1743) ya matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Hampden kotu ya tafi, ɗan kasuwar Kurmi kuwa jakinsa ya ɗaura wa kaya. Kowannensu ƙin biya ya yi, amma ɗaya ya bar hukuncin alƙalai a rubuce, ɗaya ya bar rumfa ba kowa.

Na biyu malamai. Sukar haraji mafi tsanani da aka rubuta a ƙasar Hausa daga wajen fada ta fito. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da yake tuhumar sarakunan Hausa da su, ƙanensa Abdullahi kuma ya yi bayanin wajibcin shawara a Liya'ul Hukkami. Wanda ke neman inda aka kafa hujjar cewa akwai doka a bisa sarki, a nan zai same ta. Sai dai Maraɗi daula ce da aka kafa don yaƙar magadan waɗannan malamai, abin da ya sa dangantakar fadarta da wannan hujja ta cancanci bincike na musamman.

Na uku Anna na kwarin Maraɗi, waɗanda tawayensu ne ya kafa daular, da kuma Iya, macen gidan sarauta mai shugabancin bori da al'amuran mata, wadda Smith ya ambata amma bai auna nauyinta a siyasar naɗi ba. Labarin Soyaki a Kano ya isa ya nuna cewa ɗakin uwa yana cikin wuraren da ake ƙulla sarauta.

8. Kammalawa

Karo na gaskiya tsakanin sarauta da zaɓaɓɓiyar majalisa a ƙasar Hausa sai a ƙarni na 20 aka yi shi. A Kaduna, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙudurin gyaran mulkin En'e a 1950, dokokin 1952 da 1954 kuma suka ɗaure sarki da majalisarsa. Amma da aka zo sauke Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963, gwamnatin jihar Arewa ce ta yi. A Nijar gwamnatin Jibo Bakari ta yi karo da sarakuna a 1957 da 1958, sarakunan suka mara wa "i" baya a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumban 1958, aka rushe majalisar ƙasa kafin ƙarshen shekarar. Daga baya rikicin ya koma tsakanin shugaban ƙasa da majalisa. Mahaman Usman ya rushe majalisa a Oktoban 1994, ƴan adawa suka ci zaɓen Janairun 1995, aka yi shekara guda ana zaman ƴan marina tsakaninsa da faraminista Hama Amadu, har Ibrahim Ba'are Mainasara ya karɓi mulki ranar 27 ga Janairun 1996. Tanja Mamadu ya rushe majalisa a Mayun 2009 da kotun tsarin mulki a Yuni saboda tazarce, soja suka kifar da shi ranar 18 ga Fabrairun 2010. Mai karatu zai ga da wane babi na tarihin Maraɗi waɗannan suka fi kama, na Ɗan Baskore ko na Hasau.

Hukuncinmu a kan maƙalar Smith shi ne: ta tabbatar da cewa ikon sarkin Maraɗi yana da iyaka, kuma a wannan ba a ture ta ba har yau. Ba ta tabbatar da cewa iyakar tana kare talaka ba, ko tana da hanyar warware saɓani ba tare da takobi ba, kuma Smith kansa bai yi da'awar haka ba; masu karanta shi ne suka ɗora masa. Aikin da ya rage wa ɗalibanmu a fili yake. A bi sarakunan Maraɗi daga 1875 zuwa zuwan Faransawa ɗaya bayan ɗaya, a tambayi wa ya naɗa, wa ya tuɓe, da wane dalili aka faɗa wa jama'a. A nemi ruwayar gidajen Durɓi da Ƴandaka dabam da ta fada, a haɗa da ta Tasawa da Tsibiri, da ta ƙauyukan Anna. Sa'an nan, a rubutunmu na Hausa, mu bar wa Rukuni sunansu, mu bar wa Tara nasu, mu riƙa faɗin wace majalisa muke nufi duk lokacin da muka rubuta kalmar.